Ranar da Baba Ya Fara Kwance Notin Ƙasa

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata safiyar damina a gidanmu na Tsafe, da abin da ya biyo bayanta kafin rana ta faɗi.

Baba tsohon direba ne, kuma a kan mota taurin kansa ba ya misaltuwa. Yana da wata akori-kura mai jan ƙafa huɗu, ta tsufa har da igiya ake ɗaure ƙofarta, amma bai taɓa yarda makanike ya canza mata man aksil, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, ba. Da kansa yake yi, har da na ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ni ce babbar 'yarsa, kuma tun kafin in yi aure na haddace dokarsa. Aksil da giyabos ɗin kowannensu noti biyu gare shi, na sama inda ake ɗura sabon mai, na ƙasa inda ake tsiyaye tsoho, kuma na sama ake fara kwancewa. In ka zubar da mai sannan na sama ya cije, ka kwantar da motarka da hannunka. Mun sha tsokanarsa cewa ko gaisuwa aka zo yi masa sai ya karanta wa baƙo wannan darasi.

A daminar nan yayansa, wanda muke kira Baffa, ya aiko daga ƙauyensu can bayan Bungudu cewa jiki ya ƙi daɗi, yana son ganin ƙaninsa. Hanyar ƙauyen taɓo ce zalla in ruwa ya sauka. Baba ya ce ba zai jefa motarsa cikinta da tsohon mai ba, sai an kawo masa mai kyau daga Gusau. Kwanaki suka yi ta tafiya ana jiran mai.

Ranar da man ya iso ya shiga ƙarƙashin motar, ni kuma na zo gida ganin Inna. Na kai masa koko, sai na tarar da daro cike da baƙin mai yana wari, shi kuwa yana ta nishi.

"Miƙo mani babbar sifana," in ji shi.

Da na durƙusa zan miƙa, sai na ga notin ƙasa ajiye a kan buhu, na sama kuwa yana nan daram inda yake. Muka haɗa ido. Ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na mance, ɗiyata. Ni, yau ni na mance."

Wallahi ranar na fara ganin tsufa a fuskar mahaifina.

Babu abin da ba mu yi ba. Muka jiƙa notin da kananzir, ya ƙwanƙwasa shi da guduma, muka zura wa sifana bututu don ta ƙara tsawo muka ja tare. Maimakon ya motsa, sai kan notin ya cinye ya zama sumul. Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara, matar Baffa ce.

"Malam, in kana tahowa, ka taho yanzu."

Ko hannu bai wanke ba. Na sa mayafina na bi shi tasha. Muka zauna jiran mota ta cika, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa wasu yana ta leƙen ko fasinja zai zo. A Gusau muka sauya mota, a Bungudu muka hau babura. Inda taɓo ya yi yawa masu baburan suka ce sai dai mu sauka, Baba ya naɗe wando ya shiga da gwiwarsa mai ciwo, ina riƙe da shi yana zamewa.

Muna isowa bakin ƙauyen muka yi kiciɓis da maza suna dawowa daga maƙabarta, ɗauke da makara ba kowa a ciki. Baba ya tsaya cak, ya yi salati.

A cikin gida matar Baffa ta share hawaye ta dube shi.

"Tun da sahe shina cewa a yi shiru, wai ya jiyo ƙarar motarka. Ko babur yaw wuce sai shi ce ga ƙanena nan."

Baba ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa da mai ya yi wa baƙi, hawaye na sauka a kansu. Ban taɓa jin tausayin wani mutum kamar yadda na ji nasa a wannan lokaci ba.

Daga baya wani makanike ya zo ya ciro notin, ya ɗura man. Baba ko fitowa bai yi ba, kuma har ya rasu bai sake tuƙa motar ba.

Na san kwana ne ya ƙare, ba noti ya ɗauke Baffa ba. Amma tun daga ranar, in ɗan'uwa ya aiko yana son ganina, ba na tsayawa shirin komai. Yadda saƙon ya same ni haka nake tashi, don mai jiran ba shi da tabbacin zai kai lokacin da zan gama shiri.