Dattijon da Ya Tuɓe Takalmi Don Waya

A kasuwar Ƙanƙara, gaban rumfar Mamuda mai cajin waya, wani dattijo ne tsaye. Hularsa ta koɗe, tafin hannunsa duk kanta, irin na wanda ya daɗe yana jan guga. Wayarsa a ƙulle take cikin leda, yana kwance ta a hankali kamar mai kwance goro.

Mamuda yana leƙa wayar sai ya gane guruf ɗin hirar da dattijon ya buɗe: na masu kukan ƙafewar rijiyoyi ne, daga Faskari har Sabuwa. Shi ma yana ciki, bai taɓa cewa uffan ba.

"Baba, ashe kai ma kana nan?"

"Tun bara nike saurare," in ji dattijon. "Yau tawa rijiyar ta koma laka, dole in tanka."

Sai ya tuɓe takalmi, ya gyara hula, ya durƙusa, don ba a shiga taron mutane a tsaye. Ya danna wurin naɗar murya, ya ce, "Salamu alaikum," ya saki. Ya yi shiru yana jira, tunda mutum ba ya zuba magana ba a amsa masa ba.

Mamuda yana ƙunshe dariya, wayar ta fara ƙara. Amsa daga Daudawa, amsa daga Pauwa, muryoyin da ba a taɓa ji ba, har da wata tsohuwa mai tambayar lafiyar iyali.

Dattijon yana murmushi, yana gyara murya. Mamuda ya dubi tasa wayar, ya dubi ƙafarsa, ya zare silifas.