Idon Ƙanena a Gareji

Faɗa mafi zafi da na taɓa yi da ƙanena Auta, a kan kwanon abinci muka yi shi. Tun da matarsa ta rasu ni nake kai masa na rana a gareji. Ranar na zo na ajiye kwanon a kan benci, bayan wata tsohuwar mota mai dogon baya, irin waɗanda masu hali ke ajiyewa don marmari. Yana ciki yana murɗa makulli yana wasa da giya. Ban ankara ba sai ji na yi ta tashi, ta yo baya a fusace, ta haɗa bencin da bango. Kwano ya koma faranti. Da ban matsa gefe gyara takalmi ba, da ƙafata ce.

"Kashe ni za ka yi? In gadona kake hange ka faɗa, katifa ɗaya ce da tukunya uku!"

"Wa ya ce ki tsaya a bayan mota, Yaya? Sau nawa zan faɗa miki?"

"Kai sau nawa kake cika mana baki cewa motar da ka taɓa ba ta tashi a giya?"

Sai ya juya ya shiga tattara kayan aikinsa. Auta da ba a gama magana bai mayar ba. Abin ya fi ƙarar motar firgita ni.

Ƙanena mai gyaran wutar mota ne, kuma tsofaffin motoci ya fi so. Ni ko bihim ban sani ba, amma wanda ya shekara arba'in yana jin zance ɗaya dole ya haddace. Akwai wani ɗan makunni a jikin giya, bai fi akwatin ashana ba, waya huɗu ke shiga cikinsa. Biyu na tayar da inji ne: in giya ba a firi ko fakin take ba, ko ka murɗa makulli har ya karye mota ba za ta tashi ba. Sauran biyun na fitilun ribas ne, fararen nan da ke gaya wa na baya ya kauce. Masu gaggawa sukan haɗe wayoyin su tsallake makunnin. Auta kuwa in ya tarar da haka a mota, sai ya zagi mai aikin har kakansa. Yakan ce ɗan abin nan ya ceci ƙafafun da ba wanda ya san adadinsu.

Da 'yan kallo suka watse, na cusa kaina cikin motar. Zare na sayar tsawon rayuwata, launi ba ya ɓace mini. Na ga ya ɗaure ja a bakin kore, kore a bakin ja. Shi ya sa motar ta ƙi tashi sai a ribas. Na ciro waya ɗaya na miƙa masa.

"Wannan wane launi ne?"

Ya kai ta har bakin hancinsa, ya juya ta wajen rana. "Ja ce."

Koriya ce shar.

Ya ce wata takwas ke nan komai yake gani kamar ta cikin hayaƙi. Ya je asibiti a ɓoye, an ce jijiyar idon ce, ba gilashin da zai dawo da ita. In mai gareji ya sani zai ba wani kusurwarsa, in 'yarsa ta ji za ta zo ta kwashe shi zuwa garin da take aure, a ba shi kujera da rediyo.

"Yaya, in aka raba ni da wayoyin nan ba abin da ya rage mini. Ki rufa mini asiri."

Na ce masa shashasha ne tun yana goye, kuma sai ya biya ni kwanona. Washegari na riga kowa zuwa gareji da faifan zarena.

Ga yadda muka yi. Da sassafe, kafin sauran su iso, ya buɗe mini inda zai yi aiki, ni kuma in bi wayoyin ina ɗaura musu zare. Ja ƙulli ɗaya, kore ƙulli biyu, ruwan ɗorawa uku, baƙa ba komai. Shi kuma ya bi da yatsa yana ƙirgawa. Hannunsa dama ya san sauran. Yana iya kwance makunnin nan, ya goge dattin ciki, ya mayar, ya yi ta matsar da shi kaɗan-kaɗan har ya ji inda ya zauna daidai, duk kansa na kallon rufi. Sai ya bi giya ɗaya bayan ɗaya, ƙafa a kan birki, yana gwada makulli. In ya zo kan ribas, ina gefe a kan sabon benci. Fitila ta kama, in yi tari ɗaya. Ba ta kama ba, in ja tsaki. Tsaki kuwa ba wanda ya yi mamakinsa daga bakina.

Mai gareji ya ce, "Inna, wa zai sayi allura da zare a nan?"

"Dubi wandon da ke jikinka, ɗan nan, sannan ka sake tambaya."

Mai fenti ma har maganin tari ya sayo mini. Na sha, don kada in ba shi kunya.

Shekara biyu muka yi haka. Ni na goya Auta lokacin da innarmu ke jinya, amma tun da aka kai ni ɗakin miji ban ƙara yini guda da shi ba sai a garejin nan. Muka dinga cin abinci kwano ɗaya kamar da. Ya tuna mini ranar da na yar da shi a kwata na ce shi ya zame, na tuna masa yadda ya kwance agogon babanmu ya kasa mayarwa. In ya gama mota, yakan dafa bonet ya saurari inji, bakinsa a ɗan buɗe, sak fuskarsa ta ƙuruciya. Na rayu da miji, na haifi bakwai, na binne uku, amma in aka ce in zaɓi kwanakin da za a maimaita mini, waɗannan na warin mai da baƙin hannu zan ɗauka.

Sai aka kawo wata mota da ta girmi 'yarsa. Fitilun ribas sun mutu, kuma ba ta tashi sai an jijjiga giya. Zafi da shekaru sun cinye wayoyinta, duk sun koma launin ƙasa. Na kankare da farce, na shafa yawu, na fito da kaina wajen haske. Na ɗaura zare yadda na gani. Yana haɗawa sai tartsatsi, waya ta yi ja a tafin hannunsa, warin roba ya cika wurin. Ya fizge kan batir da ɗaya hannun.

"Ni na ƙirga ba daidai ba," in ji shi, yana hura tafin.

Ƙarya yake yi, kuma mu biyun mun sani. Na koma benci na dubi faifaina. Na ɗauki zare biyu da na san ɗaya baƙi ne ɗaya shuɗi, na kasa cewa ga wannan ga wancan. Ashe hayaƙin idon nan na gidanmu ne, shi dai ya riga ni.

Da hannu a naɗe ya ƙarasa motar. Kwana uku yana bin waya ɗaya-ɗaya da ɗan ƙwan gwaji, yana kai shi leɓensa ya ji ko ya yi ɗumi, tunda haskensa ba ya ganuwa gare shi. Ta tashi a firi, ta ƙi tashi a giya, fitilu biyu suka kama tas. Ya yi ta murna yana cewa ashe ko ba zare ma zai iya. Ni kuwa ina kallon matar mai motar, ta tsaya a baya da jariri a kafaɗa tana jiran a fito da motar. Ranar na je wajen maƙwabciyata na ce ta latsa mini lambar 'yarsa.

Shekara ɗaya da rabi ya yi a can wajen 'yar tasa. Duk kiran da na sa aka yi mini, sai a ce yana barci. Mutumin da bai san barcin rana ba. Allah ya ji ƙansa. Har yanzu nakan bi ta gaban garejin ko ba ni da abin yi a layin. Wani ne a kusurwarsa, da na'ura mai ƙara. Nakan ɗan tsaya in shaƙi warin wurin, in mai gareji ya ce in shigo in ce sauri nake.

Ranar tafiyar, 'yar ta zo da motar zamani, ta sa jakarsa a but, akwatin kayan aikinsa kuwa ta ce ba wuri. Bai yi gardama ba. Ya zauna a baya, ƙofa a buɗe, hannun da ya ƙone yana riƙe da bakin ƙofar. Na zo na tsaya kusa da shi da maganganu cike da bakina, tun asuba nake shirya su.

"Yaya, kina nan?"

"Ina zan je?"

"Ke kika kira ta?"

Na dubi 'yar, ta sunkuyar da kai. Duk abin da na shirya ya gudu.

Na ce, "Ni ce. Janye hannunka, za a rufe ƙofa."