Hannu a Gefen Jirgi

A jirgin fiton Baharampur wata mata tana tsaye, hannuwa a harɗe. Kafaɗunta masu faɗi ne, gilashin ninkaya ya bar mata zobe a idanu. Tun ina makarantar mishan nake kallon irinsu, masu tseren ninkaya a kogi daga asuba har yamma. Dokarsu ita ce, wanda ya taɓa jirgin rakiya ya fita daga tseren.

"Yaya Shefali, riƙe gefen jirgin mana, ba alƙali a nan!" in ji Nitai mai fito. "Shekara ashirin ke nan kina wannan tsere. Gobe za ki shiga, ko kafaɗar ta ƙi?"

Ta daɗe tana duban ruwan. Sannan ta ɗora tafinta a gefen jirgin, ba ta ɗauke ba har muka haye.