Gonar da Na Ƙi Shukawa

A shekarun da kuɗin mai suka sa gwamnati ta shiga buɗe firamare a kowane ƙauye, aka tara irinmu a Birnin Kudu, aka yi mana kwas na gaggawa, aka ce mun zama malamai. Ni dai ban yarda ba. A raina na tabbata kuskure aka yi, kuma ran da aka gane, kashina ya bushe.

Aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Zandam. Mai unguwa ya ba ni ɗaki, kuma bisa al'adarsu ga baƙon da ya zo zama, ya yanka mini gona a bayan makaranta. Na yi godiya har ƙasa. Amma akwatina ban taɓa kwashe shi ba. Riga ɗaya nake zarowa in mayar da murfi.

In dattijo ya ce mini "Malam", sai in waiga in ga ko da wani a bayana. Abin da ya fi ɗaga mini hankali kuwa shi ne ƙarar babur, don a kan babur sufeton makarantu yake zuwa daga Gwaram. Ina tsakar koyar da baƙaƙe in ji ta, sai in ajiye alli in leƙa waje. Yawanci kuma malamin gona ne yake wucewa abinsa.

Damina ta sauka, kowa ya fita shuka. Ni kuwa na yi shawara da zuciyata: gero sai kaka, ni kuma kafin kaka an sallame ni. In shuka wa wa? Gona ta cika da ciyawa, awaki suka mai da ita wurin hira.

Rannan sufeto ya zo da gaske. Ya zauna a bayan aji, yara suka yi ta karanta masa allo, har da wata 'yar firit da ta fita ta karanto rubutun jikin babur ɗinsa ba wanda ya aike ta. Ya ce, "Madalla, Malam," ya tafi. Ka ce hankalina zai kwanta? Ina! Na ce ai yaran ne masu kai, shi kuma sauri yake kada hadari ya tare shi.

Bayan 'yan kwanaki hedimasta, wani dattijo mai son raha, ya kira ni gindin darbejiya.

"Malam, mai unguwa ya kawo ƙararka. Ya ce ka raina gonarsu. Ana cewa garin bai yi maka ba, canji kake jira. Har wasu sun fara tambaya me zai sa su bar yara a hannun mai shirin tafiya, ga aiki a gona."

Ni kuwa ina son yaran nan ƙwarai. Na ce masa ba raini ba ne, tsoro ne. Gani nake ban cancanta ba, kullum jira nake a kore ni.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"To ni da na yi furfura a aji fa? Ran da sufeto ya iso, ka gan ni?"

Na tuna ban gan shi ba sai da aka kusa tashi.

"Ina bayan gida da buta," in ji shi. "Har yau in na ji babur sai cikina ya juya. Abin nan ba ya barin mutum ɗungurungum. Amma kowace damina ina shuka."

Lokacin gero ya riga ya wuce, saura wake. Da la'asar na je wajen mai unguwa, na cire takalmi, na tsugunna, na roƙi iri da aron fartanya. Ya aika cikin gida aka kawo ƙwarya guda, amma bai sakar mini ita nan da nan ba.

"Wake fa sai bayan an yanke gero ake roronsa, Malam. Kana nan?"

Can bakin hanya wani babur ya taso. Na waiga kamar kullum. Sannan na miƙa hannu biyu.

"Ina nan, Baba."