Bakin da Alhaji bai ɗauka aiki ba

Ni dai lakwal, wato makarantar boko, ba ta gama da ni ba, ni ma ban gama da ita ba, amma na fito da murya. Ita wani Alhaji mai kamiyo, babbar motar nan ta kaya da mutane, ya ji, ya ɗauke ni kiran fasinjan Dungas a tashar Magariya, ana gab da shiga shekarun fari.

Sai wani direba ya shigo layin da sabuwar mota, mutane suka koma masa. Alhaji ya ja ni bayan kamiyo, ya gutsura mini goro da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗana, ka riƙa faɗa wa mutane yana shan giya kafin ya kama sitiyari."

"Alhaji, yana sha?"

"Kai malami ne? Faɗi dai. Kome ya taso, ina bayanka."

Na faɗa, har da ƙarin gishiri, don ban iya aiki rabi-rabi ba. Mata suka fara sauke kayansu daga motar bawan Allah. Mutumin da ko taba ba ya sha!

Ya kai ƙara wajen alƙali. Na shiga ina taƙama, ina da babba a bayana. Alƙali ya dubi Alhaji ya ce, "Yaronka ne. Kai ka sa shi?"

Alhaji ya dafa ƙirji. "Allah gafarta malam, aiki na ɗauke shi. Bakinsa kuwa nasa ne."

Jama'a, ku yi mini hukunci. Ba na tuƙi, ba na dako, ko taya ban iya cirewa ba. In ba bakina ba, me ya ɗauka aiki? Kyawuna?

Aka yanke in hau saman motar direban ranar kasuwar Dungas, in yi shela cewa ƙarya na yi masa. Na hau. Muryar kuwa ba ta ba ni kunya ba, har masu sayar da awaki can ƙarshen kasuwa sun ji. Daga sama na hango Alhaji cikin taron, yana kaɗa kai kamar mai jin abin takaici.

Da na sauko ya ce in nemi wani wuri, shi ba ya zama da maƙaryaci. Na zagaya tashar mota-mota, kowa ya ce ai ya ji shelar. Damina ta same ni a gonar kawuna a Yekuwa, ina korar tsuntsaye.