Neville Mai Rubuta Allunan Hukuma

Shekara arba'in da ɗaya Neville Trethowan ya yi yana rubuta wa ƙaramar hukuma alluna a garinsu na bakin teku a jihar Queensland, kuma sau uku ana sauya mata suna a kan idonsa.

Lokacin da ya fara, tashar jiragen ruwa da kasuwa na hukumar gari ne, manoman rake na hayin kogi kuma suna da tasu daban. Da gari ya bunƙasa aka ce ya zama birni, Neville ya hau tsani ya goge tsohon sunan, ya sake rubutawa. Ana nan sai gwamnatin jiha ta haɗe hukumomin biyu, ta laƙaba musu suna mai tsawon da allo ba ya ɗauka.

"Ka rage girman haruffan mana, Nev," in ji injiniyan hukuma.

"In rage? Direban tirela tsayawa zai yi ya sa tabarau?"

Haka dai ya rage, yana ƙunƙuni. Wata bakwai yana bin motocin shara da banɗakunan bakin ruwa, har ƙofar maƙabarta, yana rubuta sabon sunan.

Mutanen hayi kuwa suka ce an mayar da su saniyar ware, a ba su hukumarsu. Abin da ya fi ƙona masa rai, matarsa Beryl ce kan gaba wajen raba takardun neman rabuwar.

"Haba Beryl! Kin san alluna nawa ne a hayin nan?"

"Can aka haife ni, tsoho. 'Yan birni ko ramin hanyarmu ba su sani ba."

"To, ku ne da ƙuri'a, gwiwoyina ne da tsani!"

Aka kaɗa ƙuri'a, su Beryl suka ci. Birni ma ya zaɓi sabon suna don kada a bar shi a baya. Neville, yana da shekara sittin da uku, ya sake zagaye ɓangarorin biyu da bokitin fenti, sannan ya ajiye aiki.

Ranar sallamarsa magajin gari ya yi dogon jawabi, ya miƙa masa allon yabo da inji ya buga. Neville na dubawa ya ga an ci harafi guda a sunansa. Yana isa gida ya wuce rumfar kayan aikinsa, ya ɗauko ɗan siririn burushi, ya kira Beryl ta riƙe masa allon.