Kwanukan Jeren Inna a Aji Huɗu

Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare da ke bakin Anguwan Rogo kafin a zo a ce mini ban iya ba. Ba haka aka faɗa kai tsaye ba, amma ai ni ba yarinya ba ce. Sabuwar manhaja aka kawo, wato sabon tsarin abin da za a koya wa yara da yadda za a koyar da shi. Aka tara mu bita ta kwana uku a wani zaure a Kwararafa, ana ta nanata mana cewa zamanin da malami zai cika allo da rubutu yara su kwafa ya wuce. Yanzu yaro ne zai taɓa da hannunsa, ya auna, ya gwada, ya yi tambaya, malami kuwa ya koma gefe yana lura. Na ce a raina, ni da ake kwatance da kyan rubutuna a duk makarantar, in koma gefe in yi me, tsintar wake?

Mai ba da bitar ya haska mana hotuna a bango, yara a wata ƙasa kowa da kayan awo a gabansa, masu launi sai ƙyalli suke yi. Wani malami ya ɗaga hannu ya tambayi inda za mu samo irinsu. Aka ce masa mu duba abin da ke kewaye da mu. Muka duba kuwa, ba mu ga komai ba sai juna, zauren ya ɗauki dariya. Da aka tashi aka ba kowace makaranta littafin jagora guda ɗaya tak. Namu hedimasta ya kulle shi a durowa, in kana so ka je ka ɗauki hoton shafin da ya shafe ka da waya, yana tsaye a kanka.

Shi hedimastan ne ya faɗa mana sauran zancen. Ya ce bayan mako shida za a turo mai duba malamai ta shiga aji-aji. Wanda aka ga ya kasa bin sabon tsari za a ɗauke shi daga aji a mayar da shi ɗakin ajiyar littattafai, ga sababbin malamai masu digiri an turo suna jiran gurbi. Yana magana yana kallon silin, amma kowa ya san mu tsofaffin hannu ake nufi. Ina son aji huɗu. A nan ne hannun yaro yake faɗawa a rubutu, kuma bai kai ga koyon rashin kunya ba tukuna. In zauna a ɗakin ajiya ni da ɓeraye ina jin muryar wata tana koyar da yarana, wannan kam mutuwar tsaye ce.

To, tunda kaya ake so, na ce za a ga kaya. Na bi telolin unguwa ɗaya bayan ɗaya na tara ƙyallaye, na yanka su mai kusurwa uku, mai huɗu, da mai zagaye. Na tara murafen kwalba har mijina ya fara tambaya ko lafiya. Ranar Asabar na hau keke zuwa kasuwar Terminus, wurin wani ɗan kasuwa Inyamuri da na daɗe ina sayen littattafan rubutu a shagonsa. A Jos aka haife shi, Hausa kuwa a bakinsa har da karin magana, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a wurinsa.

Da ya ga ina ta leƙen kwalayen da ya zubar a bayan shago sai ya ce, "Malama, kai ma ka shiga bola jari ne? Albashi bai zo ba?"

Na ce, "Oga, bar ni da abin da ya dame ni. Gwamnati ce ta ce yara su koya da hannu."

Ya ce ai shi da hannu ya koya, a shagon ubangidansa, ba wanda ya taɓa rubuta masa kilo a allo. Ya shiga ciki ya fito mini da tsohon sikeli da tef ɗin awo da kwalaye masu kauri, ya ce in tafi da su. Na biya ta layin masu hatsi na sayi mudu da gwangwanaye, na koma gida da buhu niƙi-niƙi.

Daga nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai na yi dariya. Na wanke kayan nan tas. Na shafa wa gwangwanayen fenti, na rubuta wa kowanne sunansa da rubutun nan nawa mai kyau. Na sa kafinta ya buga mini kanta mai hawa uku a bangon aji, na shimfiɗa mata tsohon leshi fari, na jera komai daga babba zuwa ƙarami. Malamai suka riƙa zuwa kallo daga wasu azuzuwan, ana ta sa mini albarka, kaina ya yi gingirin. Sannan na juyo ga yara na ce, "Duk wanda na ga hannunsa a kan kayan nan, ni da shi ne." Sun san ni, ba sai na maimaita ba.

Haka na ci gaba da koyarwa. In darasin awo ya zo sai in ɗauko mudu in ɗaga sama kowa ya gani, in mayar da shi mazauninsa, in koma allo in cika shi da rubutu. In ce, "Kun gane?" Su ce, "Mun gane, Malama." A ganina na gama da sabuwar manhaja.

Ranar da mai duba malamai ta zo, sanyin Jos ya sauko sosai, yara duk sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi. 'Yar siririya ce, ba za ta kai ni shekaru ba, ba ta da hayaniya. Ta tsaya gaban kantata ta daɗe tana kallo, ni kuwa ina gefe ina gyara mayafi. Ta zauna a benci na baya har na kai rabin darasi. Sai ta kira wata yarinya da ke zama a gaba, wadda uwarta ke sayar da hatsi a Terminus, ta ce, "'Yata, je ki ɗauko mini mudun can."

Yarinya ta miƙe, ta mayar da hannuwanta baya, ta dube ni. Ta ce, "Malama ta ce kada mu taɓa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Matar nan ba ta ce komai a gaban yara ba, wannan kam na yaba mata. Sai da muka fita baranda ta ce, "Malama, ban ga wanda ya yi wahalar da kika yi ba a duk inda na zaga. Amma wannan ai jere kika yi. Amarya za a kawo?" Ta ce za ta dawo bayan mako biyu. In ta tarar da kayan da tsabtarsu kamar yau, za ta rubuta abin da ba ta son rubutawa.

Na bar makaranta ina huci. Mai keken da ya ɗauko ni ya sha faɗan da bai san dalilinsa ba, don kawai ya faɗa rami. Wai jere. Ni za a yi wa gatse, yarinyar da lokacin da na fara riƙe alli ƙila ko tsarki ba ta iya ba? Na isa gida bayan la'asar, na zube a kujera ban ko cire takalmi ba. Ina ɗaga kai sai idona ya sauka a kan kabet ɗin falo, inda kwanukan Inna suke.

Inna ita ce mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Kwanukan nan na jerenta ne, farare masu jan fure, guda biyar, kowanne yana shigewa cikin ɗan'uwansa. Da su aka kawo ta Jos tana amarya, lokacin mahaifinmu yana yi wa ma'aikatan kuza ɗinki. Kowace Juma'a sai ta sauko da su ta wanke, ta goge, ta mayar. Mu kuwa a lanƙwasassun kwanukan silba muke cin tuwo. Na taɓa ɗaukar ƙaramin cikinsu ina yarinya zan zuba gyaɗa, ta murɗe mini kunne har sai da na ga taurari, ta ce waɗannan sai babban baƙo. Baƙi sun yi ta zuwa gidanmu, surukai, alhazai, har mai unguwa, amma ba wanda ya kai. Ta rasu takardar kamfani tana manne a gindin kowane kwano. Da aka raba gado suka faɗo hannuna, ni ma na saka su a kabet, kuma ni ma kowace Juma'a nake goge su.

Na daɗe ina kallonsu. Dariya ce ta fara zo mini, don matar nan ta gan ni sarai, ta ma ga Inna da ba ta taɓa sani ba. Daga baya na ji hawaye. Na tausaya wa Inna, shekara da shekaru tana wanke kwanon da ko sau ɗaya ba ta ji daɗin cin abinci a cikinsa ba.

Ranar Litinin na naɗe su a zani na tafi da su makaranta. Na sa aka ɗebo yashi bokiti biyu. Na sauke duk abin da ke kan kanta na baza a ƙasa, na ajiye kwanukan Inna a tsakiya, na raba yara gida-gida. Na ce su gano mini ƙaramin kwano sau nawa zai cika babban. Ba wanda ya motsa, sun ɗauka tarko ne. Sai da na rantse ba zan taɓa kowa ba, sannan 'yar mai hatsin nan ta matso ta tsoma hannu a yashi, saura suka biyo ta.

Kafin minti goma ajina ya koma kasuwa. Hedimasta ya leƙo da sauri yana zaton dambe ake yi. Ni kuwa ina zaune a gefe na danƙe bakin mayafina da hannu biyu, don in na sake shi alli zan ɗauka ko bulala. Abin da wuya, wallahi. Shiru ya fi mini wahala fiye da cika allo uku.

Can sai gardama ta kaure. Wasu sun ce sau tara, wasu sun ce sau bakwai, kowa yana cewa ɗan'uwansa bai iya ƙirga ba. Har na buɗe baki zan raba, sai 'yar mai hatsi ta riga ni. Ta ce masu bakwai suna cika kwano har ya yi tudu, masu tara kuwa suna shafe bakinsa da hannu, ai dole a sami bambanci. Ta ce a rumfarsu ma sai an yi magana tun farko, da tudu ko a shafe, kuma ban da gyara. Suka yarda a shafe, suka sake aunawa, kowa ya sami tara. Shekara ashirin da biyu ina koyar da awo, ban taɓa faɗa wa yaro cewa sai an daidaita ma'auni kafin a auna ba, don a allo yashi ba ya tudu.

Ana cikin haka wani yaro ya ɗago kwano na biyu cike da yashi, ya suɓuce masa ya daki siminti. Fentin gefensa ya ɓantare, baƙin ƙarfe ya fito daidai kan jan furen. Yaron ya dafe kunnuwansa tun kafin in tashi. Tsawar da zan daka masa ta zo har bakina. Na haɗiye ta. Na ce, "Ɗauki abinka ka ci gaba, saura sau nawa?"

Da mako biyu suka cika mai duba malamai ta dawo. Kanta ta zama abin tausayi. Fentin gwangwanaye ya goge, an ɗaure sikeli da waya, farin leshina kuwa wani ya mayar da shi abin goge allo. Ta zauna a bencinta na baya, amma ba ta daɗe ba yara suka ja ta wai ta zo ta raba musu gardamar tsawon taga. Ta yi rubutunta, ta nuna wa hedimasta a gabana. Ya karanta ya ce aji huɗu yana nan a hannuna, har yana ƙarawa da cewa shi dama ya sani.

Za ta fita sai ta tsugunna ta ɗauki kwanon nan mai tabo, ta juya shi, ta ga ragowar takardar kamfani a gindinsa. Ta ce irin waɗannan ai an daina yinsu, ina na samo?

Na ce, "Na jeren mahaifiyata ne. Ita ba ta taɓa zuba komai a ciki ba. Cewa take yi sai babban baƙo."

Ta dubi yaran, duk sun yi buɗu-buɗu da yashi har gira, suna ta rigima a kan tef ɗin awo. Ta miƙo mini kwanon da hannu biyu ta ce, "To ai ga su nan sun iso, Malama."

Sai na juya na yi kamar ina neman alli. Har yanzu ana wanke kwanukan Inna kowace Juma'a kafin a tashi, sai dai yara ne ke wankewa, kuma ranar Litinin a sake cika su da yashi.